Yadda ake neman gurbin digiri na biyu ko na digirgir, da yadda ake zaman jiran amsa

Daga watan Agusta zuwa Fabrairu ake buɗe yawancin ƙofofin neman karatun gaba da digiri a ƙasashen waje, kuma kowace shekara sai an samu 'yan'uwanmu masu ƙoƙari, masu sakamako mai kyau, da ranar rufewa ta riske su ba su kammala ba. Idan ka bi diddigi za ka tarar abin da ya tsayar da su a hannun wani yake: tiranskirif, wato takardar makin duk kwasa-kwasan da ka yi, bai fito daga jami'a ba, malami bai aika wasiƙar shaida ba, ko sunan da ke fasfo ya saɓa da na takardar digiri. Saboda haka ka raba aikin nan gida biyu tun daga farko. Akwai na hannunka, akwai na hannun mutane. Na hannun mutane shi za ka fara tayarwa, tun da sauran wata shida ko fiye, sannan ka zauna ka yi naka a tsanake.

Ka fara sanin inda sakamakonka ya ajiye ka

A yawancin jami'o'in Najeriya masu auna sakamako a kan maki 5, daga 4.50 zuwa sama daraja ta ɗaya ce, 3.50 zuwa 4.49 ita ce 2:1, sannan 2.40 zuwa 3.49 ita ce 2:2. Manyan masu ba da tallafi irin su Chevening 2:1 suke nema ko makamancinta. Mai 2:2 kada ya karaya: tallafin Commonwealth yana karɓar 2:2 idan an haɗa ta da digiri na biyu, don haka hanyarsa ita ce ya yi mastas a gida da kyau, ya nemi digirgir a waje. Mai daraja ta uku ko HND kuwa, difloma ta gaba da digiri, wato PGD, ce matakinsa na farko. Jami'o'in gida za su nemi takardar kammala bautar ƙasa ko ta yafewa, da kiredit biyar na sakandare har da Turanci.

Kada ka ɗauki karatun gida a matsayin na wanda ya rasa. Mai binciken tarihin Daular Usmaniyya yana da Gidan Arewa a Kaduna da ɗakin adana tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, mai binciken noman rani da ƙasa mai ƙarancin ruwa yana da cibiyar da ke Jami'ar Bayero. Matsalar gida ita ce lokaci. Yajin aikin ASUU na 2022 wata takwas ya ci, kuma digirin da aka ce na shekara biyu yakan kai uku ko huɗu. Ka sa wannan a lissafinka.

Takardun da ke hannun mutane

Tiranskirif shi ne babban mai cin lokaci. Iri biyu ake buƙata: kwafin ɗalibi, wanda za ka ɗora a shafin neman gurbi da kanka, da kwafin hukuma, wanda jami'arka za ta aika kai tsaye ba tare da ya bi ta hannunka ba. Ka biya kuɗinsa da wuri, ka riƙe rasit, ka kuma bi sawunsa daga sashenku zuwa ofishin rijistara. Idan kana nesa ka wakilta wanda zai riƙa zuwa da ƙafarsa, domin fayil ɗin da ba a tambayarsa yakan daɗe a teburi guda. Da kwafin ɗalibi ya zo hannunka ka karanta shi layi-layi. Akan samu kwas ɗin da aka manta ba a saka makinsa ba, ko wanda ka sake rubutawa amma tsohon sakamako ne ya fito, kuma gyaran irin wannan sai an koma wajen jami'in jarrabawa na sashe. Wasu jami'o'in Amurka da Kanada suna buƙatar a tantance takardunka ta wata hukuma irin WES, ita ma daga jami'arka take son saƙon ya fito, don haka ka ƙara makonni a kan lissafinka.

Sai batun suna, wanda ya fi addabar mu Hausawa. A takardar WAEC an rubuta Mohammed, a ta digiri Muhammad, a wata kuma an taƙaita shi zuwa Muhd. Wani sunan garinsu ya saka a ƙarshe lokacin firamare, da ya je jami'a ya koma sunan mahaifi. Wata kuma bayan aure ta ƙara sunan miji a fasfo. Ka shimfiɗa takardunka duka a gabanka, WAEC ko NECO, digiri, bautar ƙasa, NIN, fasfo, takardar haihuwa, ka gwada suna da ranar haihuwa harafi-harafi. Inda suka saɓa, ka je babbar kotu ka yi takardar rantsuwa cewa duk sunayen naka ne, idan canjin suna ne a buga a jarida. A kowane fom kuma ka rubuta suna yadda yake a fasfo, ba ƙari ba ragi. Wanda ba shi da fasfo ya nema yanzu, wanda nasa ya kusa ƙarewa ya sabunta.

Masu tsaya maka, wato masu rubuta maka wasiƙar shaida, yawanci biyu ne ko uku. Ka zaɓi wanda ya san aikinka da gaske a kan mai babban muƙamin da bai iya tuna fuskarka ba. Wasiƙar malamin da ya duba maka kundin kammala digiri, wanda zai iya cewa ga abin da ka yi a ɗakin gwaji ko a fili, ta fi ta farfesan da zai rubuta layi huɗu cewa kai yaron kirki ne. Idan da hali ka je ofishinsa da kanka ku gaisa, sannan ka ce: "Ranka ya daɗe, kai ka duba mini aikin kammala digiri a kan kaza. Ina neman gurbin digiri na biyu a jami'o'i huɗu, kowace za ta turo maka saƙo ta imel. Ko Malam zai samu damar tsaya mini?" Idan ya amsa, ka miƙa masa tarihin karatunka da aikinka, kwafin tiranskirif, da takarda guda mai sunayen jami'o'in da ranar rufewar kowace. Ka roƙi adireshin imel ɗinsa na jami'a, domin an fi yarda da shi. Duk lokacin da ka saka sunansa a fom ka sanar da shi a ranar, saboda irin wannan saƙo yakan faɗa cikin akwatin tarkace bai gani ba. Ana saura mako guda ka tunatar da shi cikin ladabi.

Wani malamin zai ce maka, "Je ka rubuto in sa hannu." Na san yawan aiki ne ke jawo haka, amma ka yi ƙoƙari ka ba shi muhimman bayanai a jere ya gina wasiƙar da bakinsa. Idan wasiƙu uku da rubutunka duk suka fito da salo ɗaya, masu tantancewa suna ganewa. Kuma inda ake neman uku ka yi magana da huɗu, don wani zai iya tafiya Umara ko taro a makon da ake buƙatarsa.

Jarrabawar Turanci ma a hannun mutane take, tunda sai an samu rana da kujera. Sakamakon IELTS da TOEFL shekara biyu yake aiki, kuma maki 6.5 a IELTS ya wadatar a kwasa-kwasai da dama. Kafin ka biya wannan kuɗi mai yawa ka duba shafin jami'ar, domin da yawa a Birtaniya suna karɓar C6 ko sama a Turancin WAEC, wasu kuma wasiƙa daga rijistara cewa da Turanci aka koyar da kai. GRE, jarrabawar neman shiga karatun gaba da digiri, shekara biyar take aiki, amma sassa da yawa a Amurka sun daina neman ta. 'Yan'uwa na Nijar da Kamaru da Chadi da takardunsu ke cikin Faransanci, sai sun kai wa mai fassara da hukuma ta amince da shi, a haɗa fassarar da asalin takardar.

Ina za ka nema, wa zai biya

Neman gurbi daban, neman kuɗi daban, sau da yawa kuma ranakunsu ba ɗaya ba ne. Chevening ta gwamnatin Birtaniya tana buɗewa a Agusta, ta rufe tsakanin Oktoba da farkon Nuwamba. Mastas na shekara ɗaya take biya, tana neman aikin da ya kai awa 2,800, wato kimanin shekara biyu, har da na sa-kai, za ka zaɓi kwas uku, kuma dole ka dawo gida na aƙalla shekara biyu bayan kammalawa. Tallafin Commonwealth ga ɗan Najeriya yana bi ta Hukumar Ba da Tallafin Karatu ta Tarayya, akwai kuma nau'insa da ake nema ta jami'o'in Birtaniya kai tsaye. Erasmus Mundus na Tarayyar Turai yana ba da Yuro 1,400 a wata, ana karatun a ƙasashe biyu ko fiye, yawanci ana rufewa tsakanin Disamba da Janairu. Na gwamnatin Turkiyya daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu ne, mai neman mastas kada ya kai shekara 30, mai neman digirgir kada ya kai 35, kuma akwai shekara guda ta koyon harshen Turkanci. DAAD ta Jamus tana da shiri na masu aikin raya ƙasa da suka yi shekara biyu suna aiki. PTDF ta gwamnatin Najeriya tana ɗaukar fannonin da suka shafi mai da gas. Masu kimiyya da injiniyanci su duba jami'o'in KAUST da KFUPM a Saudiyya.

A Amurka tsarin ya bambanta: sashen da ya ɗauke ka shi ke biyan kuɗin makaranta ya kuma ba ka albashin wata, kai kuma ka taya koyarwa ko bincike. An fi samun wannan a digirgir, kuma can ana shiga digirgir kai tsaye da digirin farko. Ranakun rufewa yawanci 1 ko 15 ga Disamba ne. Sai dai tun 2025 gwamnatin Amurka ta tsaurara ba da biza ga ƙasashe da dama, ciki har da Najeriya da Nijar da Chadi da Sudan, don haka ka tabbatar da halin da ake ciki game da bizar ɗalibai kafin ka kashe dala ɗaya a kuɗin fom.

Ni dai a ganina wurare biyar zuwa takwas da aka nema da kyau sun fi ashirin da aka watsa wa takarda iri ɗaya. A cikinsu a samu masu wuyar shiga, a samu waɗanda kake da yaƙini, a samu jami'ar gida guda ɗaya. Kuma duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya samo maka sikolashif, ka riƙe kuɗinka. Waɗannan da na lissafa kowa da kansa yake nema a shafinsu.

Aikin da ke hannunka

Takardar bayanin manufa ita ce inda masu tantancewa ke jin muryarka. Tambayoyi huɗu take amsawa: me ka yi, me kake son sani, me ya sa sai wannan sashe, me za ka yi da ilimin. Ka bar buɗewa da "tun ina yaro nake sha'awar kaza", dubban mutane haka suke farawa. Ka kwatanta mai neman karatun kare amfanin gona da ya rubuta cewa yana ƙaunar noma domin shi ne ƙashin bayan tattalin arziki, da wanda ya rubuta cewa ya yi aiki da manoman tumatir a Kadawa, ya ga yadda tsutsar Tuta absoluta ta cinye gonaki a 2016, ya lura manoma suna ƙara feshi ba ta mutuwa, yanzu yana son ya binciki dalilin da magani ya daina kama ta. Na biyun ya nuna wuri, ya nuna matsala, ya nuna tambaya. Haka za ka yi da naka fannin, ko shari'a ne ko lissafi. Mu an tarbiyyantar da mu a kan kunya da ƙin yabon kai, amma a wannan takarda faɗin abin da ka yi da adadinsa gaskiya ce kawai. Idan ɗalibai 60 ka koyar lokacin bautar ƙasa, ka ce 60.

Kowace jami'a a gyara mata nata sakin layin, da sunan kwas da malamin da aikinsa ya dace da naka, a kuma duba kada sunan wata jami'ar ya maƙale a ciki. Kada ka kwafi ta wani da ya ci a bara, kada kuma ka sa manhaja ta rubuta maka. Ana bincikawa, kuma ranar ganawa za a tambaye ka abin da ka rubuta. Ka ba mutum biyu su karanta, ɗaya na fanninka, ɗaya mai ƙarfin Turanci.

Mai neman digirgir a Birtaniya ko Jamus yawanci sai ya samu malamin da ya yarda zai duba aikinsa. Ka karanta maƙalarsa ɗaya ko biyu na kwanan nan, ka rubuta masa saƙo gajere: ko kai wane ne, abin da ka karanta nasa, tambayar da kake son bi, sannan ko yana ɗaukar ɗalibai bana. Ka haɗa da tarihin karatunka. Idan mako biyu ya wuce shiru, ka sake tuntuɓa sau ɗaya, daga nan ka wuce wani.

Ka tura fom ana saura kwana uku aƙalla. Chevening da ƙarfe 12 na rana agogon GMT take rufewa, wato ƙarfe 1 a Najeriya da Nijar, ba tsakar dare ba. Wuta da netwok da katin banki duk suna iya ba ka kunya a ranar ƙarshe. Inda ake biyan kuɗin fom, ka rubuta wa sashen ka tambaya ko suna yafewa, da yawa suna yi.

Zaman jira

Wannan zango ya fi kowane nauyi a zuciya, domin babu sauran abin da za ka ƙara. Sanin lokutan amsa yana rage fargaba. Jami'o'in Birtaniya sukan amsa neman mastas cikin makonni. Sassan digirgir na Amurka daga ƙarshen Janairu zuwa Maris. Erasmus Mundus wajen Maris da Afrilu. Chevening tana kiran ganawa a farkon shekara, amma sakamakon ƙarshe sai daga Yuni, wato wanda ya tura a Oktoba zai yi wata takwas yana jira. Jami'o'in gida kuma jerin sunaye suke fitarwa kashi-kashi, rashin ganin sunanka a kashin farko ba ya nufin an gama.

A makon farko bayan turawa ka shiga kowane shafi ka tabbatar an nuna wasiƙun shaida da tiranskirif sun iso. Fom ɗin da bai cika ba ko karanta shi ba a yi. Bayan haka sau ɗaya a rana ya isa ka duba imel, har da akwatin tarkace, domin gayyatar ganawa takan zo da wa'adin kwana kaɗan. Zaurukan WhatsApp da Telegram na masu nema suna da amfani wajen sanin an fara kira, amma idan ka ga kullum suna hana ka barci, ka kashe ƙararsu. Wani ya samu amsa yau ba ya nufin an ƙi ka, sassa daban-daban suke zama, kuma akan aika amsa rukuni-rukuni.

Kada ka ajiye aikinka. Kada ka sayar da fili ko mota. Kada ka shelanta tafiya kafin biza ta shiga fasfo. Iyaye da mata ko miji su sani tun farko don shawara da addu'a, sauran dangi masu tambayar "har yanzu shiru?" ka ce musu ana kan hanya, a taya ka da addu'a. Ka yi istihara, ka ci gaba da harkokinka.

Lokacin jiran nan shi ne na shirin ganawa. Ka sake karanta duk abin da ka tura, ka sa aboki ya yi maka tambayoyi da Turanci da babbar murya, ka saba da bayyana bincikenka cikin minti biyu. Idan ta intanet ce, ka tanadi layi biyu na kamfanoni daban, da wuri mai haske marar hayaniya, ka kuma lissafa bambancin agogo. Ma'aikacin gwamnati ya fara binciken ƙa'idar hutun karatu a ma'aikatarsa yanzu, don takardar tana bin ofisoshi da yawa. Rubuta wa jami'a kana tambaya kuwa, ka bari sai lokacin da suka ɗiba ya wuce, ko kuma idan wata ta ba ka tayi mai wa'adi.

Idan amsa ta zo

Ka karanta wasiƙar har ƙarshe kafin murna. Tayi mai sharaɗi yana nufin da sauran abin da za ka kawo, kamar sakamakon Turanci ko tiranskirif na hukuma, kuma Chevening sai ka gabatar da tayi marar sharaɗi a watan Yuli. Gurbi ba tare da tallafi ba bai zama tafiya ba tukuna: ka tambaya ko akwai rangwame, ko za su ɗaga maka zuwa baɗi ka nemi kuɗi. Idan an sa ka a jerin ko-ta-kwana, ka amsa cewa kana nan kana so, domin wasu sukan janye a kira na baya. Yawancin jami'o'in Amurka sun amince kada a matsa wa wanda aka ba tallafi ya amsa kafin 15 ga Afrilu, don haka kana da damar jiran sauran. Da ka yanke shawara ka sanar da waɗanda ba za ka je ba da wuri, kujerar ta koma ga wani.

Amsar ƙi tana da ciwo, kuma kusan duk wanda ka gani ya tafi ya sha ta. Sau da yawa kujeru ne suka yi kaɗan, ko malamin ba shi da kuɗin ɗaukar ɗalibi a shekarar. Ka sanar da malaman da suka tsaya maka yadda ta kaya, ka gode musu, domin za ka sake komawa. Tiranskirif da fasfo da sakamakon Turanci suna hannunka yanzu, zagaye na biyu rubutu kawai za ka gyara.

Wanda ya samu kuma, sabon layin takardu ya buɗe. Birtaniya za ta nemi lambar CAS daga jami'a, wato shaidar cewa ta ɗauke ka, da gwajin tarin fuka a asibitin da ta amince da shi, wanda wata shida yake aiki. Mai biya wa kansa dole kuɗin su kwana 28 a jere a asusu. Tun Janairu 2024 mai mastas na aji, wato wanda ba na bincike ba, ba ya tafiya da iyali sai dai a wasu tallafin gwamnati, don haka mai aure ya tattauna wannan a gida tun kafin ya amsa tayin. Jamus tana neman shaidar kuɗin zama na shekara a asusu na musamman ga wanda ba shi da tallafi. Wasu ƙasashe kuma sai an buga wa takardunka hatimi a Ma'aikatar Ilimi da ta Harkokin Waje a Abuja, sannan ofishin jakadancinsu. Ka nemi ranar ganawar biza a makon da takardar jami'a ta iso, saboda daga Yuni zuwa Agusta layin cike yake. Ranar tafiya kuma asalin takardunka duka su kasance a jakar hannu, domin za a iya neman su a filin jirgi da wajen rijista.